Wa za a koya wa doka a rugagen Runka?

Lokacin hutu na ziyarci wata ruga kusa da Runka, a ƙaramar hukumar Safana. Na lura duk taron wayar da kai maza ake tarawa, alhali in aka kama makiyayi, matarsa ce ke saura da shanu da yara.

To 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da ya kamata ita ma ta sani. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a madadin wanda ake zargi, ko da mijinta ne ya gudu. Dokar ACJA ta 2015 kuwa ta ce ba a hana mace tsayawa beli don kawai mace ce. Wata dattijuwa da na faɗa wa haka, sai da ta sa na maimaita.