Darasi na Goma Sha Huɗu: Tseren Motoci a Fim da a Tarihi

Gabatarwa

Idan kun taɓa bi ta Maje, a ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, kun ga tankokin mai jere a bakin hanya, kun kuma ga 'yan acaɓa suna kai da kawowa. Gari ne da mota ba baƙuwa ba ce a cikinsa. Da dare samari kan taru a gidan kallo, ko su kewaye waya guda, suna kallon fim. Daga cikin finafinan da ke burge masu son mota akwai na tseren motoci, kuma sau da yawa akan rubuta a farkonsu cewa labarin ya faru da gaske.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. To, amma wanda ya kalli fim, abin da ya faru ya gani, ko kuwa abin da mai shirya fim ya zaɓa ya nuna masa? A wannan darasi za ku karanta labarin finafinai uku, ku ga inda suka bi gaskiya da inda suka kauce mata.

Fim na farko: Rush

A shekarar 2013 Ron Howard ya fitar da fim mai suna Rush. Labarin direbobi biyu ne da suka yi takarar zama zakaran duniya a shekarar 1976. Ɗaya shi ne Niki Lauda, ɗan ƙasar Ostiriya, mai tuƙa motar Ferrari. Ɗayan kuma James Hunt, ɗan Ingila, mai tuƙa motar McLaren.

Manyan abubuwan da fim ɗin ya nuna gaskiya ne. Ranar 1 ga Agusta, 1976, motar Lauda ta yi haɗari a filin tsere na Nürburgring a Jamus, ta kama wuta. Ya ƙone a fuska da kai, hayaƙi ya lalata masa huhu, har aka fid da rai da shi. Amma bayan mako shida kacal ya koma tsere a Monza, a Italiya, ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe na shekarar, a ƙasar Japan, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lauda ya ga ransa ya fi kofi daraja, sai ya tsayar da motarsa ya fita. Hunt ya zo na uku, ya zama zakara da maki 69, Lauda yana da 68.

Ina fim ɗin ya kauce? Ya nuna mutanen biyu kamar ba sa ga maciji da juna tun suna matasa, alhali kuwa abokai ne da suka daɗe suna mutunta juna. Akwai kuma wurin da aka nuna Hunt yana dukan wani ɗan jarida saboda ya yi wa Lauda tambayar wulaƙanci. Wannan bai faru ba. Marubucin fim ne ya ƙirƙira shi don ya nuna ƙaunar da ke ɓoye tsakaninsu.

Fim na biyu: Ford v Ferrari

Wannan fim ya fito a 2019. Yana ba da labarin tseren Le Mans na ƙasar Faransa, inda motoci ke gudu sa'a 24 ba tsayawa, sai don shan mai da gyara da canjin direba. Kamfanin Ferrari na Italiya ya yi shekaru yana lashe wannan gasa. A 1966 sai kamfanin Ford na Amurka ya ƙwace ta, motocinsa suka zo na ɗaya da na biyu da na uku.

Jarumin fim ɗin shi ne Ken Miles, direba kuma makanike haifaffen Ingila. Shi ne a gaba da tazara, sai shugabannin Ford suka umarce shi ya rage gudu domin motocinsu su ƙetare layin ƙarshe tare, a ɗauki hoto. Ya bi umarni. Alƙalan gasa kuwa suka ce motar Bruce McLaren da Chris Amon ta tashi daga baya da 'yan mitoci, saboda haka ta fi yin tafiya mai nisa, ita ce ta ɗaya. Wata biyu bayan haka, a cikin Agusta 1966, Miles ya rasu yana gwajin wata sabuwar mota a Amurka. Duk wannan ya faru.

Amma fim ɗin ya nuna an bar Miles a gida a gasar da ta gabata, yana sauraron tsere a rediyo. A gaskiya ya tuƙa mota a Le Mans a 1965, sai dai ta lalace kafin a gama. Haka kuma an nuna Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, yana filin tsere a 1966, alhali bai halarta ba.

Fim na uku: Senna

Wataƙila ku ce laifin 'yan wasa ne, da za a yi amfani da hotunan gaske da an huta. Fim ɗin Senna na 2010 da hotunan gaske aka haɗa shi. Labarin Ayrton Senna ne, ɗan Burazil, wanda ya zama zakaran duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, ya kuma rasu a haɗarin tsere a Imola, a Italiya, ranar 1 ga Mayu, 1994.

Ba a ƙirƙiri hoto ko ɗaya ba, amma an zaɓi waɗanda za a nuna. Abokin hamayyarsa Alain Prost, Bafaranshe, ya fito kamar mai makirci a yawancin fim ɗin. Prost ya bayyana rashin jin daɗinsa, domin ba a ba da isasshen wuri ga abotar da suka ƙulla bayan ya bar tsere a 1993 ba. Yana ma daga cikin waɗanda suka ɗauki gawar Senna ranar jana'iza. Ashe ko da hoton gaske ana iya karkatar da labari.

Me ya sa ake canzawa?

Dalilai uku ne. Na farko, lokaci: abin da ya faru cikin shekaru dole a matse shi cikin sa'a biyu. Na biyu, mai kallo yana son jarumi da mugu, don haka idan tarihi bai ba da mugu ba, sai a nemo wanda za a ɗora wa. Na uku, fim sana'a ce, kuɗi aka zuba, riba ake nema. Miya ba ta daɗi sai da gishiri, amma in gishiri ya yi yawa ya ɓata ta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen da ake nunawa suna da 'ya'ya da jikoki, kuma sunan da fim ya ɓata yana da wuyar gyaruwa. Sannan akwai matashin da zai tashi daga gidan kallo ya hau babur, yana jin shi ma jarumi ne. Ku tuna cewa direbobin nan suna tsere ne a filin da aka killace, da hular kwano, da likitoci a kusa, amma duk da haka Miles da Senna sun rasa rayukansu. Hanyar da ta haɗa Maje da mararrabar Dikko ba filin tsere ba ce. Tankoki da fasinjoji da 'yan makaranta ne a kanta.

Saboda haka, ku kalli fim ku ji daɗi, amma ku yi wa kanku tambaya uku. Wa ya shirya shi? Me ya nuna? Me ya bari bai nuna ba? Sannan ku nemi littafi ko jarida ko wanda ya sani, ku gwada.

Ma'anar kalmomi

Zakara: wanda ya fi kowa a gasa.
Tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu.
Ƙirƙira: samar da abin da babu shi a da.
Makirci: shirya wa wani sharri a ɓoye.
Fid da rai: daina sa ran mutum zai rayu.
Ba sa ga maciji: ba sa shiri ko kaɗan.

Nahawu

Kalmomin "wai" da "an ce" suna nuna mai magana ba shi da tabbas. Kalmomin "lalle" da "haƙiƙa" suna nuna tabbas. Misali: Wai Hunt ya doki ɗan jarida. Haƙiƙa Lauda ya ƙone a 1976. Ku yi jimla biyu da kowace kalma.

Tambayoyi

1. Me ya sami Niki Lauda ranar 1 ga Agusta, 1976?
2. Da maki nawa James Hunt ya fi shi?
3. Me ya sa ba a ba Ken Miles na ɗaya ba a 1966?
4. Kawo abu biyu da fim ɗin Ford v Ferrari ya canza.
5. Yaya za a karkatar da labari da hotunan gaske?

Aikin gida

Garinku ma yana da tarihi. Ku sami wani dattijon direba, ku gaishe shi da ladabi, ku ce: "Baba, yaya tuƙi yake a zamaninku?" Ku rubuta abin da ya faɗa cikin jimla goma, ba ƙari ba ragi. Sannan ku ja layi a ƙarƙashin wurin da kuka ji sha'awar ƙara gishiri.