Kafin Ki Hau Keken Da Ba Ya Tafiya

'Yata,

Na ji kin yi rajista a wurin motsa jiki, kuma ranar Asabar za ki shiga ajin tuƙa keke na cikin ɗaki, wanda suke kira Spinning. Na ji daɗi ƙwarai. Mai wuni a kujerar ofis irinki tana bukatar abin da zai tsinka mata jini, keke kuwa ba ya jijjiga gwiwa yadda gudu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Sai dai ranar farko tana da nata sha'anin, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Ki san wanda ya ƙirƙiro abin. Johnny Goldberg ne, ɗan tseren keke haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya koma Kalifoniya da zama. A ƙarshen shekarun 1980 yana shirin tseren ratsa Amurka daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, tafiyar kusan kilomita 4,800, sai ya haɗa keken da zai riƙa atisaye da shi a gida. Daga nan aka mayar da shi aji, aka sa kiɗa, ya bazu duniya. To kin ga, wasan da gwanin tsere ya tsara wa kansa, bai kamata baƙuwa ta shige shi da ƙarfinta duka ba.

Keken kansa ba irin na titi ba ne. Yana da wani faifan ƙarfe mai nauyi, a kekuna da yawa har kilo 18 ko fiye, kuma a haɗe yake da feda. Kin san keken ɗinkina na ƙafa, idan ya ɗau gudu, ko na daina takawa sai ya ci gaba da kaɗa ƙafata. Haka wannan yake, sai dai ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kada ki kuskura ki zare ƙafa yana juyawa, fedar za ta zagayo ta daki ƙaurinki. A ƙasan hannun keken akwai wani ɗan abin murɗawa, sau da yawa ja ne. Ki murɗa shi dama, takawa ta yi nauyi. Ki murɗa hagu, ta yi sauƙi. A yawancin kekunan idan kin danna shi ƙasa, birki ne. Ki gwada birkin nan kafin a kunna kiɗa.

Ki je da wuri, ki sami mai koyarwa ki ce mata yau ce ranarki ta farko. Babu abin kunya a ciki, aikinta ne ta daidaita miki keken. Ki tsaya gefensa a ɗaga sirdi ya zo daidai ƙashin ƙugunki. Idan kin hau, feda ta sauka can ƙasa, gwiwarki ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kada ta miƙe sambal, kada kuma ta tattare. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke jawo ciwon gwiwa, wanda ya yi sama kuma sai ki ga ƙugu yana rangaji hagu da dama. Hannun keken a ɗaga miki shi sama don bayanki ya huta. Zani da doguwar riga ki bar su a jaka, ki sa wando mai roba da ɗan gajeren hijabi, igiyar takalmi kuma ki cusa ta ciki. Ki tafi da tawul da babbar gorar ruwa, domin a cikin ɗaki babu iskar hanya da za ta busar da gumi, sai abin da fanka ta bayar. Ki ci abu mara nauyi kamar awa biyu kafin lokacin. Kuma kada ki fara ranar da kike azumi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Za a rage fitila, kiɗa ya cika ɗaki, mai koyarwa tana ɗaga murya: ku ƙara nauyi, ku miƙe tsaye, saura kaɗan! Ta kusa da ke, wadda ta shekara tana zuwa, za ta miƙe tana takawa ko haki ba ta yi. Zuciya za ta ce miki kada a ga gazawarki. A nan ake samun matsala. Idan aka tilasta wa tsokar da ba ta saba ba aiki mai tsanani, tana iya farfashewa, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. A shekarar 2017 wasu likitoci a Amurka sun tattara labarin mutum 46 da wannan ya same su bayan ajin keke, kuma 42 daga cikinsu a zuwan farko ne. Ba tsofaffi ko marasa lafiya kaɗai yake kamawa ba, har matasa masu jini a jika, su da suke da ƙarfin halin dannewa su ci gaba. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, abin ba ya yawan faruwa, kuma kauce masa yana hannunki. Abin murɗawan nan ke kaɗai kike taɓa naki. An ce a ƙara, ki ƙara kaɗan ko ki bar shi yadda yake. An ce a miƙe, ki yi zamanki a sirdi. Ki riƙa gwada kanki: in kina iya faɗin gajeriyar magana ba tare da numfashi ya yanke ba, kina daidai, in kalma ɗaya ta gagare ki, ki sassauta. Amma kada ki sauke nauyin gaba ɗaya, don feda za ta riƙa fizgar ƙafarki kina tsalle a kan sirdi. In minti 20 ya ishe ki, ki tsaya a nan. Jiri, tashin zuciya ko ciwon ƙirji kuwa, ki taka a hankali har ki tsaya, ki yi wa mai koyarwa magana.

Da aji ya ƙare kada ki diro nan take. Ki ci gaba da takawa sannu-sannu na 'yan mintoci har bugun zuciya ya lafa, in ba haka ba jini zai taru a ƙafafu, ki miƙe ki ga duhu.

Washegari cinyoyi za su yi tsami, mazauni ma zai yi ciwo saboda taurin sirdi. Wannan kowa yana ji, bayan 'yan zuwa yake wucewa. Wanda ba a wasa da shi daban ne: cinya ta kumbura ta yi tauri, ciwo ya hana ki lanƙwasa gwiwa, fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu sosai. In kin ga haka kada ki tsaya shan maganin ciwon jiki na kemis, wasunsu ƙara wa ƙoda wahala suke yi. Ki wuce asibiti ranar, ki gaya wa likita kin yi ajin keke, a gwada jininki. In an zo da wuri, ƙarin ruwa yakan wadatar.

Tun da hawan jini yana cikin gidanmu, ki sa a auna miki kafin Asabar. In lafiya lau, ki je da bismillah, ki huta kwana biyu ko uku kafin ki koma na biyu. Ki kira ni ranar Lahadi in ji yadda ƙafafun suka kwana. Ki gaida maigidan da yara.

Goggonki