Wa Ya Taɓa Yin Wannan Ciwon a Danginku?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon daji, kuma akwai tambayar da ba na tsallake ta idan aka kawo mace mai ƙullutu a mama: a danginku wa ya taɓa yin irin wannan ciwon? Amsar farko kusan kullum ita ce babu kowa. Sai na juya bayan kati na fara jero sunayen dangi, ɓangaren uwa daban, na uba daban, ina tambayar abin da ya yi ajalin kowa. A nan ne za ka ji mai rakiya ta ce, ai Goggo cikinta ne ya kumbura aka ce jifa ne, Inna kuwa an cire mata mama amma an hana a faɗa. Ita marar lafiyar sai ta zuba wa mai rakiyar ido, don ranar ta fara ji.

Wannan ɓoyon yana cin rayuka, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancin sankara ba gadonta ake yi ba. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke da tushe a ƙwayoyin halittar da mutum ya gada. Waɗanda aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Kowa yana da su, aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki. Idan aka haifi mutum da guda mai naƙasa, gyaran sai ya yi rauni. A cikin matan da suka gaji BRCA1 mai naƙasa, fiye da rabi kan kamu da sankarar mama a tsawon rayuwarsu, ga kuma haɗarin sankarar jakar ƙwai, wadda ba ta cika nuna alama ba sai ta yi nisa.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne don an ji labarin jarumar finafinan Amurka Angelina Jolie, wadda ta bayyana a 2013 cewa an cire mata mama biyu don rigakafi. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka yi a Ibadan, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin bakwai masu sankarar mama da aka gwada tana ɗauke da irin wannan naƙasa ta gado. Ba ƙaramin adadi ba ne.

Mutanenmu sun san gwajin sikila, don haka sukan ɗauka sai uwa da uba sun haɗu kafin a samu matsala. Nan ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin iyaye ya isa, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Uba yana iya kasancewa ɗauke da naƙasar lafiyarsa ƙalau ya ba 'yarsa. Shi kansa bai tsira ba, don tana ƙara haɗarin sankarar mafitsara ta maza, har da ta mama, wadda maza ma suna yi. Saboda haka malam, daina ɗora wa dangin matarka laifi tun ba a bincika naka ba.

Abin da ke sa mu ɗaga kunne shi ne a samu mutum biyu ko uku a ɓangare ɗaya na dangi, ko ciwon ya kama mace tun ba ta kai 50 ba, ko ya kama mama biyu, ko a samu namiji da shi. Gwajin ƙwayoyin halitta yana da tsada, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Amma tarihin dangi ko sisi ba a biya, kuma da shi likita zai iya fara sa wa budurwa ido da wuri, maimakon a jira ta kai 40.

Na san abin da iyaye ke tsoro: kada magana ta fita a ƙi auren 'ya'yansu. Tsoron yana da dalili, ban raina shi ba. Sai dai ba a ce a yi shela a unguwa ba. 'Yar da ta mallaki hankalinta da likitanta kaɗai ke da buƙatar sani, kuma sirrin marar lafiya amana ce a wuyanmu. Gado kuma ba hukunci ba ne, akwai masu ɗauke da shi da suka tsufa ba su kamu ba.

Sai batun mai rakiya. Mace ta ji kalmar daji, sauran bayanin likita ba ya shiga kunnenta. Tana buƙatar wanda zai zauna kusa da ita da takarda da biro, ya tambayi matakin da ciwon ya kai, da abin da za a fara, tiyata ko ƙarin ruwan kemo ko gashi, da kuɗin kowanne. Haƙƙinta ne a yi mata bayani da Hausa, kuma ita za a gaya wa sakamakonta, ba a kira miji gefe a bar ta tana karantar fuskoki ba. Mai rakiya ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya, ya tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara a wasu asibitocin koyarwa. Kuma shi ne zai tsaya tsayin daka idan 'yan dubiya suka fara cewa daji ba ya son ƙarfe. Ɗiban tsoka don gwaji ba shi ke baza ciwon ba, watannin da ake ɓatawa a gida ana shafe-shafe ne ke ba shi damar yaɗuwa.

Iyaye mata da kakanni, ku ne kuka san wa ya rasu da me. Don Allah ku zaunar da 'ya'yanku mata da maza ku gaya musu, su rubuta, su tafi da takardar ranar ganin likita.