Daga Meksiko Zuwa Faskari: Darasin Girkin Tukunya Ɗaya Ba Tare da Alkama Ba

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ciki, kuma kowa ya san ciki ba ya jiran a gama jarrabawa.

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: wata uwa a Amurka ta tashi da safe, ta zuba kaza da wake da masara da tumatir cikin wata tukunyar lantarki, ta rufe, ta tafi aiki. Da yamma ta dawo ta tarar abinci ya nuna. Sai ta ce girkin irin na Meksiko ne, kuma babu gulutin a ciki saboda ɗanta ba ya cin alkama. Da yawanmu wucewa muke yi, mu ce wannan harkar masu kuɗi ce. To, tsaya ka sake duba abin da ta zuba. Masara, wake, tumatir, barkono, albasa. Kai ɗan Ƙanƙara, ke 'yar Faskari ko Sabuwa, wanne ne babu a gidanku?

Abu uku za mu koya a nan: mene ne gulutin kuma wa yake cutarwa, me mutanen Meksiko suka sani game da masara da ya kamata mu sani, da kuma yadda ake dahuwa a hankali ko da NEPA ba ta kawo wuta ba.

Mene ne gulutin?

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya ja kamar roba, burodi ya tashi. Ga mafi yawan mutane ba shi da wata illa. Amma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da cutar da likitoci ke kira siliyak. Idan mai ita ya ci gulutin, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta lalata bangon ƙaramin hanjinsa, wurin da jiki ke tsotse amfanin abinci. Sai ka ga yawan gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, yaro yana ci amma ba ya girma.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da cewa alkama ce silar cutar. A yunwar da aka yi a ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Kada kuma a ɗauka ciwon Turawa ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya gano kusan 5 zuwa 6 cikin 100 na ɗauke da ita, kuma fulawa ce babban abincinsu.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, alamomin nan sun yi kama da na tsutsar ciki da wasu cututtuka da yawa, don haka kada ka yanke wa kanka ko ƙaninka hukunci. A je asibiti, a nemi ganin likitan ciki, akwai gwajin jini, wani lokaci har da duba hanji. Na biyu, kada a daina cin alkama kafin gwaji, domin hakan na iya ɓoye cutar sakamako ya fito ba daidai ba. Idan kuwa an tabbatar, maganinta ɗaya ne: barin gulutin har ƙarshen rayuwa.

Wa ke da shi, wa ba shi da shi?

A nan ne Allah ya rufa mana asiri. Masara, dawa, gero, maiwa, shinkafa, acca, rogo, dankali, wake, gyaɗa da waken suya duk babu gulutin a cikinsu. Ke nan tuwon masara, tuwon dawa, fura, koko, ƙosai, alale, awara, faten tsaki da garau-garau duk sun halatta ga mai siliyak, muddin ba a haɗa su da wani abu ba.

Masu gulutin su ne waɗanda muka fi dogara da su a hostal: burodi, taliya, Indomie, makaroni, biskit, fanke, cincin, gurasa, funkaso, alkaki, tuwon semo da burodin shawarma.

Sai kuma wuraren da yake ɓuya, waɗanda suka fi ba iyali wahala:

1. Injin niƙa. Idan an niƙa alkama kafin masararku, garin ya gauraya. A nemi injin da ba a niƙa alkama a ciki, ko a daka a turmin gida.
2. Ɗanwake. Na asali garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yanzu da yawa fulawa suke zubawa.
3. Man suya. Ƙosan da aka soya a man da aka gama suyar fanke ya ɗauki fulawa.
4. Lemukan malta, domin galibi akwai sha'ir a ciki, da wasu dunƙulen miya masu garin alkama. A riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kaya.
5. Rariya da muciya. A ware wa mara lafiya nasa.

Ka ga abin ba wasa ba ne. Ƙa'idar duniya ita ce ba a kiran abinci mara gulutin sai in abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. Ɗan ɓurɓushin burodi ya isa ya ƙetare wannan iyaka. Shi ya sa ya fi sauƙi a dafa tukunya ɗaya da kowa zai ci, maimakon a ware yaro da kwanonsa kullum kamar baƙo a gidan ubansa.

Masararmu 'yar Meksiko ce

Me ya kawo Meksiko cikin wannan magana? Asali. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna teosinte. Jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma bayan shekarar 1500. Tumatir da barkono da kabewa ma daga nahiyar Amurka suka zo mana. Wakenmu kuwa ɗan gida ne, asalinsa Afirka.

A ƙasar Katsina ta kudu, da can masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina, dawa da gero ne abincin rumbu. Abin ya sauya ne daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya shafi har su Faskari da Ƙanƙara. Sabon iri da takin zamani suka shigo, masara ta zama amfanin gona na kasuwa. Yau manyan motoci ne ke lodinta daga kasuwanni irin su Dandume da Sheme. Mun kuma san halin da manoman yankin ke ciki na rashin tsaro, gonaki da yawa na nesa da gari sun gagara nomawa. Duk kwanon masarar da ya iso hannunka, wani ya sa ransa a kansa. Ita kuwa alkama, mafi yawan wadda ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita da dala, shi ya sa kuɗin burodi ke bin canji.

Iri ya zo mana, amma akwai dabarar da ta tsaya a can. Mutanen Meksiko ba sa niƙa masara haka kawai. Sukan tafasa ta da ruwan toka ko wani farin sinadarin alli na abinci, kamar giram 10 ga kilo guda, na tsawon rabin awa ko fiye, su bar ta ta kwana a ruwan, da safe su murje su wanke sosai. Suna kiran wannan masara nikstamal. Amfaninta huɗu ne: dusar na saɓulewa ba tare da surfe ba, kwaɓin na yin danƙo har a iya faɗaɗa shi a gasa a tanda, wanda shi ne tortiya, sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar yana sakuwa jiki ya amfana, sannan gubar fumfuna tana raguwa. Ƙasashen da suka karɓi masara suka bar wannan dabara, irin su Sifen da Italiya da kudancin Amurka, sun sha fama da cutar felagira mai ɓata fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali.

Ruwan toka ba baƙo ba ne a wurinmu, iyayenmu mata na tace shi su sa a girki. Mai son gwadawa ya yi amfani da tokar itace mai tsabta ko ta karan hatsi, wadda ba a ƙona leda ko roba a ciki ba. Kada a taɓa amfani da kayan gini. Kuma wannan ba lasisin cin masarar da ta yi fumfuna ba ne, ita zubarwa ake yi.

Dahuwa a hankali ba wuta

Tukunyar da kuke gani a bidiyo, wani Ba'amurke ne mai suna Irving Naxon ya samu lasisin ƙirƙirarta a 1940, ta shiga kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971. Aikinta shi ne riƙe abinci da zafin da bai kai tafasa sosai ba na tsawon awa 6 zuwa 8. Matsalarta a wurinmu a fili take: wa zai ba ka wutar awa 8 a jere?

Mafita ita ce a tsare zafin da aka riga aka samu. A Afirka ta Kudu, Sarah Collins ta fito da jakar girki mai suna Wonderbag a 2008, lokacin da suke fama da ɗauke wuta. Kai ma za ka iya haɗa taka da kwali ko kwando, tsohon bargo da matashi biyu. 'Yan sashen injiniya sun san ka'idar: abin da ke riƙe iska a cikinsa yana hana zafi tserewa.

Ga matakan:

1. Tukunya mai murfi mai kamawa, a cika ta kusan kashi uku cikin huɗu. Rabin tukunya saurin hucewa take.
2. A bar ta ta tafasa sosai a kan gas ko risho ko gawayi: wake da aka jiƙa minti 20, nama minti 30.
3. A sauke, kada a buɗe, a naɗe ta ciki har da sama da ƙasa.
4. A tafi lakca. Bayan awa 4 zuwa 6 a dawo.
5. A sake tafasa abincin kafin a ci. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 60, don haka kada a bar tukunya ta kwana a naɗe.

Ƙarin gargaɗi: jan waken nan na waje mai siffar ƙoda yana da wata guba da sai ya tafasa fafal-fafal na aƙalla minti 10 take mutuwa. Ɗumi-ɗumi ba ya kashe ta.

Girki biyu na gwaji

Na farko shi ne pozole, farfesun masara na Meksiko. Su galibi da naman alade suke yi, mu kaza ko akuya za mu sa, kuma su ma suna yin na kaza. A jiƙa surfaffiyar masara gwangwani 3 ta kwana. A jiƙa busasshen tattasai 5 a ruwan zafi, a jajjaga da albasa da tafarnuwa da ɗan attaruhu. A haɗa duka da rabin kaza da gishiri, ruwa ya sha kansu sosai, mai son daddawa ya jefa. A tafasa minti 30 zuwa 40, a naɗe awa 6. Wajen ci a yanka kabeji da ɗanyar albasa a kai, a matsa lemon tsami. Zai ishi mutum 4 ko 5.

Na biyu waken tukunya, wanda su a tukunyar ƙasa suke dafawa. Wake gwangwani 3 da aka jiƙa, albasa guda, tafarnuwa, man gyaɗa cokali 2, gishiri. A tafasa minti 20, a naɗe awa 4. A ci da shinkafa ko wainar shinkafa da ba a sa wa fulawa ba. Abin da ya rage a sake tafasawa, da daddare a farfasa shi da ludayi a soya da albasa. Haɗa masara da wake ba don daɗi kaɗai ba ne: furotin ɗin masara yana da giɓi, na wake yana cike shi. Manomin Meksiko na shuka masara da wake da kabewa a gona ɗaya, kamar yadda namu ke ratsa wake a cikin dawa.

Aikin gida

1. Rubuta duk abin da ka ci cikin kwana 3, ka ja layi a ƙarƙashin masu alkama. Nawa ka kashe a kansu?
2. Ku haɗu ku huɗu a ɗaki, ku haɗa kwalin girki, ku auna kwana nawa gas ɗinku ya ƙara yi.
3. In ka je hutu, tambayi kakarka yadda take tace ruwan toka da abin da take dafawa da shi. Ka rubuta, ka kawo mana.

Idan kuma akwai yaro a gidanku da ya daɗe yana gudawa da rama, an sha magani an gaji, ka tuna wa iyaye su tambayi likita batun siliyak. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo da zaman lafiya gonakinmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.