Abokan Aikina Sun Gayyace Ni Wankan Zafi a Jamus

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a kudancin Jamus. Aikin dare ya sa mini ciwon baya, sai abokan aikina suka ce mu je Baden-Baden mu yi wankan zafi in huta. Da na bincika sai na ji wai tsirara ake shiga, maza da mata. Ina son samun sauƙi, kuma ba na son su ga kamar na raina su. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika ji gaskiya ne. Gidan wankan Friedrichsbad da ke garin, wanda aka buɗe a 1877, ya yi suna da wanka babu sutura, daga ɗakin zafi zuwa na tururi zuwa kududdufin ruwan ɗumi. A yawancin ɗakunan sauna na Jamus ma dokar ke nan, tawul kawai ake shimfiɗawa a zauna don kada gumi ya taɓa katako. Hujjarsu tsafta: wai kayan ninkaya suna riƙe gumi da sinadarin ruwa.

Kada ki ɗauki abokan aikinki 'yan iska. Sun taso cikin al'adar zama tsirara da suke kira FKK, wadda ta haura shekara 100, kuma a wajensu ƙura wa mutum ido a can babban rashin kunya ne. Da zuciya ɗaya suka gayyace ki. Sai dai kyakkyawar niyyarsu ba ta ɗauke miki hukuncin al'aura ba. Ko a tsakanin mata, malamai sun ce daga cibiya zuwa gwiwa a rufe, kuma kallon ta wani ma an hana. Saboda haka ko kin ɗaura tawul, matsalar tana nan, tunda na gefenki bai ɗaura ba. Ra'ayina, kada ki shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne ki yi zaton sai kin tuɓe za ki warke. Amfanin yana cikin zafi da ruwa ne. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, ya saki naman jiki da ya ɗaure, kamar dai yadda siracen da iyayenmu ke yi a lulluɓe da bargo yake aiki. Dab da Friedrichsbad akwai Caracalla Therme, inda ake shiga ruwan da kayan ninkaya, amma maza da mata a haɗe suke, sashen saunarsa kuma tsirara ne. Abin da ya fi dacewa da ke shi ne hamam irin na Turkawa mai ranar mata zalla, inda ake ɗaura ƙyalle. In kin ga an rubuta textilfrei, babu sutura ke nan. Textilsauna da sutura ake shiga. Damensauna na mata ne kaɗai, amma sau da yawa a can ma tuɓewa ake yi. Ki buga waya ki tambaya kafin ki biya kuɗi.

Zafin sauna yakan kai digiri 80 zuwa 100. Kada ki wuce minti 15 a zama ɗaya, ki sha ruwa sosai, kuma in kina da juna biyu ko ciwon zuciya, sai da izinin likita.

Su kuwa abokan aikinki, ki faɗa musu kai tsaye: addinina bai ba ni damar tuɓewa gaban mutane ba, amma ina son fita da ku. Jamusawa sun fi girmama magana ƙarara a kan kwana-kwana. Ki ce ke za ki nemo muku hamam ɗin. Bayan nan kuma ki kai wa likitanki maganar ciwon bayan, domin yana iya rubuta miki gashin ƙashi, inshorar lafiya ta biya mafi yawan kuɗin.