Kafin a kira ƴan kwana-kwana a 18, sai an san hanyar gidanka

Aikina zana taswira ne a kwamfuta. Kwanakin baya muna bin lungunan unguwar Maourey a Yamai da waya a hannu muna ɗaukar bayanai, sai wani dattijo ya tare ni: "Yaro, haraji za ku ƙara mana, ko rusau ne ke tafe?" Na ce, "Baba, ko ɗaya." Da yake ba shi kaɗai ke wannan zargi ba, bari in yi bayani.

A wurin aiki SIG muke kiran abin. Ka ɗauka takardu ne shara-shara aka jera bisa juna. Ta ƙasa hoton unguwa ce daga tauraron ɗan Adam ko jirgi marar matuƙi. Bisa ita tituna da faɗinsu, sai magudanan ruwa, sai tudu da kwari, sai makarantu da asibitoci da famfunan da ƴan kwana-kwana ke ɗibar ruwa. Da an haɗa su, kwamfuta za ta gaya maka ta ina motar kashe gobara za ta shiga, da wace makaranta ce za ta ɗauki waɗanda ruwa ya kora.

Mun ga amfanin haka a bakin kogi. A watan Satumba na 2020 ruwan kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali 620 ne jan layi. Ya ci unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga. Irin wannan jan ruwa na damina daga kogunan Sirba da Dargol da Gorouol yake gangarowa, kuma ana auna shi tun yana hanya. Idan ka san tsayin da zai kai, ga kuma taswirar tudu da kwari a hannunka, ka san ƙofofin da za a fara ƙwanƙwasawa.

Maourey kuwa tsohuwar unguwa ce a tsakiyar gari, kogi bai cika damun ta ba. Abin tsoronta wuta ce da toshewar magudana. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa ta bi sahu a 2012, duka nan kusa. A nan ne hoton sama yake gazawa. Rufin kwano yake gani, amma ba ya nuna lungun da tebura suka cinye rabinsa, ko shagon da ake tara kwalaben gas, ko ɗakin da tsohuwa take kwance ba ta iya tashi. Wannan sani yana wurin mai unguwa da limami da mai shayin bakin titi.

Don haka roƙona huɗu ne. Idan masu taswira suka zo, ku tambaye su takardar shaida, in sun nuna ku ba su gaskiyar bayani. Idan magudana ta toshe ko an gina shago a kanta, ku sanar da mai unguwa tun rani, don tun ran gini ran zane. Matasa masu waya kuma ku koyi sa tituna da wurare a OpenStreetMap, kyauta ne, kuma masu agaji na duba ta. Sannan kowa ya koyi tura wurin da yake tsaye ta WhatsApp, domin "bayan masallaci, kusa da mai tsire" ba kwatance ba ne ga direban da ke gudu da jiniya cikin dare.

Dattijon nan, da ya gama saurare, sai ya ja hannuna zuwa wani kwalbati da yashi da leda suka binne. Ya ce duk damina daga nan ruwa ke juyawa ya shiga gidajensu. A taswirarmu babu shi sam. Na tsaya nan na sa shi.