Kwamfuta da Tsara Haƙar Ma'adinai a Ƙarƙashin Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, ruftawar ramin haƙar ma'adinai a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro, cikin Yunin 2024, ita ta sa na ɗauko wannan darasi.

Manhajoji irin su Datamine da Deswik kan karɓi sakamakon ramukan gwaji, su zana yadda jijiyar ma'adini ta kwanta. Daga nan injiniya zai tsara hanyoyi, da mashigar iska, da ginshiƙan dutsen da za a bari su tallafi rufi, sannan ya fitar da jadawalin ɓangaren da za a fara haƙa.

To, mahaƙanmu na Suleja da kewaye da Hausa suke aiki. Ashe ke nan samar musu kalmomin fannin ya rataya a wuyanmu, domin gargaɗin da ba a fahimta ba, ba ya ceton rai.